Rasuwar Mai Minshari, Wadda Ba Ta Taɓa Jerin Kowa Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, iyalan Baba Tela, mai shagon ɗinki da ke ƙarƙashin bene kusa da mai gyaran agogo, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsu kuma abokiyar zamansu, wadda aka fi sani da Mai Minshari. Ta riga mu gidan gaskiya da tsakar rana, a kan teburin yankan yadi, bayan doguwar jinyar da aka yi mata a kan ciwon da ba nata ba.

An ce ba a buɗe sanarwar rasuwa da ga ta nan ga ta nanku. Gaskiya ne. To amma wanda ya mutu da zargi a wuyansa, ba a iya sauke masa sai an ɗauko labarinsa daga tushe. Saboda haka ku gyara zama, ku ce ta zo mu ji ta, ko a zuci ne.

Marigayiya ba 'yar yau ba ce. Ta yi ƙuruciyarta a ofishin Kawu, babban ɗan gidan, tana haɗa rahoto, har ranar da aka ce ta yi nauyi aka sayo siririya. Da aka rasa inda za a kai ta, sai aka miƙa wa Auta, ƙaramar jikar gidan, wadda a lokacin ta fara koyon sana'ar nan ta gina shafukan intanet. Gida ba ya zaunuwa don hayaniyar yara, sai Auta ta rungume ta ta kai shagon kakanta, ta roƙi gefen teburi. Baba Tela ya dubi kwamfutar ta saman gilashinsa, ya dubi jikarsa, ya ce, "Amarya, wannan ai sa'ata kika kawo mini." Ya zaro tef ya auna ta kamar yadda yake auna mutum, tsawo da faɗi da kauri, ya ɗinka mata jaka da ragowar yadi mai ƙwari, har da aljihun caja.

Tun daga ranar shagon ya zama na tsofaffi biyu da yarinya ɗaya.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da haƙuri. Ba ta da gaggawa. In an kunna ta da safe sai ta yi gyaran murya tukuna, hrrrm, ta yi shiru kamar mai tuna inda ta kwana, kuma kafin ta buɗe ido Auta ta haɗa shayi ta shanye rabi. In aiki ya yi mata yawa sai fankar cikinta ta tashi, fuuu, ƙrrr, fuuu, ƙrrr, wanda daga nan ta samo sunanta. Keken ɗinki na cewa taka-taka-taka, ita tana amsawa da minshari, har masu kawo ɗinki suka saba, in suka shigo ba su ji ta ba sai su tambaya ko lafiya. Murfinta ya daina tsayuwa da kansa, gwangwanin maɓallai ake jingina mata a baya. Haruffanta da yawa sun goge, sai dai yatsa ya san wurinsu. Ba ta rabuwa da caja, kamar jinjiri da bayan uwa. Amma ba ta taɓa cin amanar aikin kowa ba. Babban halinta, wanda shi ne ya zama ajalinta, shi ne abin da aka ce ta yi shi take yi, ko da mai faɗar bai san abin da ya faɗa ba.

Kafin a zo kan jinya, dole a san halin sauran mutum biyun.

Shi Baba Tela ba ya rubuta sunan mai ɗinki. Kanta gare shi a bango. Duk wanda ya kawo yadi, a ƙulle masa a leda a ɗora a saman tulin, in ya tashi aiki kuma sai ya zaro daga ƙasa. Wanda ya riga zuwa shi ne a ƙasa, shi ne kuma zai riga karɓa, ko attajiri ne ya biyo bayansa. Da wannan aka san shi a unguwa tun gashinsa yana baƙi. Yakan ce kai yana mantuwa, kanta ba ta yi.

Ita kuma Auta, Allah Ya yi ta da son tsari. Ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. Takalma a bakin ƙofa sai ta jera su, cokula sai ta juya su su kalli gefe guda. In aka yi mata magana, amsarta ɗaya ce, da murmushinta: "Ai ban taɓa komai ba, gyara kawai na yi." Ita ce mai share ƙurar shagon duk ƙarshen mako, kuma tun ranar da ta ga tulin kantar ya karkace kamar zai rushe a kan kakanta, ta riƙa mayar da shi yadda zai zauna daram, manyan ƙulli a ƙasa, ƙanana a sama. Ba ta faɗa wa kowa ba, don a ganinta ba wani abin faɗa ba ne.

Ana nan sai ofishin da ya ɗauki Auta ya ba ta aikinta na farko ita kaɗai: shafin layin marasa lafiya na wani likitan haƙori. Ni dai, matar Baba Tela, ban yi wannan karatu ba, amma an zaunar da ni an fahimtar da ni, ga kuma yadda na ɗauka. Shafin kamar gida ne, akwai uwa akwai 'ya'ya. Uwa ce ke riƙe da jerin sunaye, wanda ya fara zuwa shi ne a farko. Babbar 'ya tana nuna wanda za a kira yanzu a babban allo. Ta tsakiya tana ƙirga saura mutum nawa. Ƙaramar kuma wata 'yar taga ce da mai karɓar baƙi zai riƙa buɗewa in yana neman sunan wani, a nan sunaye suke bin haruffa don a samu da sauƙi.

Auta ta zuba sunayen gwaji, ta kunna, komai ya tafi daidai. Ta yi tsalle, Baba Tela ya ce a yi a hankali da almakashi.

Sai ciwo ya fara. A yi ta aiki lafiya, can sai babban allo ya kira mai sunan da ya fara da harafin farko, alhali shi ne ya zo ƙarshe. Masu haruffan wutsiya kuwa, da mutane ne na gaske, da sun wuni riƙe da kumburarren kunci ba a kira su ba. Abin da ya fi ɗaure kai, ba a ganin lokacin da ɓarnar ke faruwa. Allo yana nan lafiya, sai ta danna wani abu can dabam, sunaye su hautsine a gabanta. Ta bi wannan abin da ta danna ta tone shi, ba ta sami komai ba. In ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa, sai jeri ya dawo daidai kamar ba a yi ba.

Kunya ta hana ta kai aikin ofis a haka, sai ta buga wa wani abokin aikinta waya, wanda suke kira Dogo.

Dogo ya ce, "Kin taɓa jerin a wani wuri?"

Ta ce, "Ban taɓa shi ba."

"Kin tabbata?"

"Wallahi ban ƙara masa ba, ban rage masa ba."

"To a kan wace kwamfuta kike yi? Kar dai ki ce mini wannan mai minsharin ce."

"Ita ce."

Ya yi dariya har da tari. "Haba Auta. Ƙwaƙwalwarta ce ta fara yoyo. Tsofaffin nan haka suke, da sun ɗau zafi sai mantuwa. Ba kin ce in kin kashe ta ta huta sai ta dawo daidai ba? To me kike nema kuma?"

Magana ta zauna wa Auta, domin maganar da ta wanke mutum ba ta wuyar shiga kunne. Daga nan aka bar jaki aka koma dukan taiki.

Ba irin maganin da ba a yi wa marigayiya ba. An ɗora ta a kan dunƙulen zare guda biyu don iska ta ratsa ta ƙasa. An juyo mata fankar shago, aka bar Baba Tela yana gumi. An goge duk abin da ke kanta an sake zubawa, abin da ya ci wuni guda tana nishi. An sa ta gwajin ƙwaƙwalwa cikin zafin rana, har minsharinta ya koma kamar kuka, iiii, ƙrrr, iiii. Gwaji ya ce lafiyarta lau, Auta ta ce ai gwajin ma a cikin kanta yake, wa zai yarda da shaidar mara lafiya? Ta kai ga mari a gefen allo. Wata rana da sunaye suka sake hautsinewa, ta buga teburi ta ce, "Tsohuwar banza, kin ruɗe ki ƙi yarda kin ruɗe!"

Keken ɗinki ya tsaya. Baba Tela bai ɗago ba, ya dai daɗe yana neman ramin allura kafin ya ci gaba.

Dalili kuwa, ana kukan targaɗe ne sai ga karaya. A daidai wannan lokaci shi ma abubuwa sun fara kuɓuce masa. Wata malamar makaranta, wadda shi ya ɗinka mata kayan makaranta tun tana 'yar firamare, ta zo karɓar rigar da za ta sa ranar yaye ɗalibanta, ta tarar ko yankawa ba a yi ba, ga rigunan wani mai gidan burodi da ya zo bayanta an goge an rataye. Ta ce, "Baba, ni fa na riga shi." Ya dubi kantar, ya ga ƙullinta can a sama, ya ce, "'Yata, layinki bai zo ba." Ta ɗauki yadinta ta fita da hawaye. Bayanta aka yi wani, aka sake yin wani. Magana ta zaga unguwa cewa Baba Tela ya fara duba aljihu kafin ya duba layi, masu tausayi kuma suka ce a'a, shekaru ne.

Kawu ya zo gida ya tara mu. Mutum ne mai son iyayensa, amma in ya yanke magana kamar almakashin ubansa yake. Ya ce, "Baba ya yi iya yinsa. Gara a rufe shagon nan da mutuncinsa, kafin ya zama abin dariya. Ƙarshen wata zan kawo mota a ɗauke keken." Maigidan bai yi musu ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Auta tana gefe tana share hawaye, ta ce, "Duk tsofaffina sun ruɗe lokaci guda." Laifi tudu ne, jikata tana tsaye a kan nata tana hango na wasu, kuma da gaske take kukan.

Ranar da abin ya faru, likitan haƙori ya matsa, ofis ya matsa. Auta ta samo wani guntun ƙwaƙwalwa a wurin masu sayar da kayan kwamfuta, ta ce ita za ta canza da kanta, ta gani a bidiyo. Ta ɗauki sukudireban keken ɗinki, ta kifar da marigayiya a kan teburin yanka, ta kwance ƙananan kusoshin ta jera su gwanin kyau, manya gefe, ƙanana gefe. Abu ɗaya ta manta. Caja na jikinta, don ido ya saba ganinta da shi har ya daina ganinsa. Bakin sukudireba ya zame ya taɓa inda ba a taɓawa.

Ɗis.

Kalmarta ta ƙarshe ke nan. Fanka ta yi juyi ɗaya, fuu, ta tsaya. Wani siririn ƙauri ya tashi. Auta ta danna, ta sake dannawa, ta kira ta da sunanta. Mai gyaran agogo ya leƙo ya ce me ke ƙonewa. Baba Tela ya tashi ya zare cajar daga bango, ya mayar da murfin da hannunsa, ya sa ta a jakar da ya ɗinka mata. Garin neman gira an rasa ido. An kai ta wurin mai gyara, ya duba ya girgiza kai, ya ce bakin alƙalami ya bushe. Ya dai ciro ma'ajiyarta, aikin Auta bai salwanta ba. Ko a mutuwa ba ta tafi da kayan kowa ba.

Auta ta yi kuka, amma a can ƙasan ranta akwai wani ɗan sanyi: ciwo ya tafi da mai shi.

Ranar ƙarshen wata ta tafi ofis, aka ara mata wata sabuwa fil, siririya, ba ta minshari ba ta tari, kafin ka ƙifta ido ta farka. Ta zuba aikinta ta kunna. Komai daidai. Ta buɗe nan, ta rufe can, ta leƙa 'yar tagar neman suna, ta dawo ta danna wani abu.

Babban allo ya kira mai harafin farko.

Ta zauna tana kallon allon, hannunta a kan baki. Wadda ta fi su daɗewa a ofishin, suna ce mata Yaya Babba, ta zo wucewa ta ga fuskarta, ta jawo kujera.

Da ta ji bayani ta ce, "Auta, jeri ba ya juya kansa. Akwai hannu."

"Wallahi Yaya ban taɓa shi ba."

"Ban ce kin yi ƙarya ba. Mu daskarar da shi mu gani."

Wai akwai wata kalma da ake rubutawa, sai jerin ya zama kamar ƙanƙara. Duk wanda ya zo motsa shi, kwamfuta ta yi ihu ta nuna shi da yatsa. Yaya Babba ta rubuta, ta ce, "Yi duk abin da kika saba yi." Auta ta danna nan, shiru. Ta danna can, shiru. Ta buɗe 'yar tagar neman suna, sai jan rubutu ya cika allo, da lambar layin da ɓarawo yake. Suka bi lambar. Layi ne guda, gajere, umarnin jera sunaye bisa haruffa. A samansa akwai 'yar tunatarwar da Auta ta rubuta wa kanta: gyara sunaye su yi kyan gani.

Ta ce da ƙaramar murya, "Ai wannan gyara ne kawai. Ban ƙara ba, ban rage ba."

"Na gani. A kan na wa kika yi gyaran?"

"Na ƙaramar tagar."

"Ƙaramar taga ba ta da nata, ƙanwata. Uwa ba ta raba wa 'ya'yanta kwafi. Da baki take nuna musu, ga shi can a kwando, kowa ya je ya duba. Kwando ɗaya ne duk gidan. Shi kuma wannan umarnin ba ya zubo miki naki, cikin kwandon yake zura hannu ya juya. Kin gyara wa ƙarama, kin rikita wa babba."

"To me ya sa ba ya nunawa nan take?"

"Saboda mai gadin da ke sake zana allo kwando yake dubawa, ba cikinsa ba. Ya ga kwandon jiya ne, sai ya ce lafiya lau, ya koma gyangyaɗi. Sai can gaba wani bawan Allah ya motsa, allo ya sake zanuwa, ɓarna ta fito, laifi ya faɗa kan wanda ke kusa."

Ta jawo madannai, ta sa ɗigo uku a gaban sunan jerin, ta kewaye shi da baka biyu. Ta ce ma'anarsa, zubo mini nawa a wani kwando tukuna, in yi gyarana a can. Suka kunna. Suka buɗe taga suka rufe, suka sake, suka sake. Wanda ya fara zuwa yana nan a farko.

Ɗigo uku, jama'a. Abin da ya raba Mai Minshari da duniya ke nan.

Dogo ya leƙo ta bayan kujera ya ce, "Ni dama na ce a duba jerin."

Auta ba ta ma ji shi ba. Maganarta ce ke yawo a kunnenta: ban ƙara ba, ban rage ba, gyara kawai na yi. Ta ga kwando ɗaya. Ta ga mai gadin da ke duba kwando ba ya duba ciki. Sai ta ga kantar kakanta a bango, manyan ƙulli a ƙasa, ƙanana a sama, da ƙullin malama ɗan ƙarami na riga ɗaya, wanda ita da hannunta ta ɗauko daga ƙasa ta ɗora a can ƙololuwa don kada manya su danne shi. Ta miƙe ko jakarta ba ta ɗauka ba.

Ina shagon lokacin da ta shigo tana haki. Mota na bakin ƙofa. An riga an cire bel ɗin keken, 'yan dako biyu sun kama shi gefe da gefe. Maigidan yana zaune a kan kujerar masu jira, wadda bai taɓa zama a kanta ba, da jakar marigayiya a kan cinyarsa.

Ta ce, "Kawu, a dakata."

"Lafiya? Ba kina ofis ba?"

"Ni ce. Ni nake juya kantar nan."

Kawu ya ce, "Ke da Allah, ƙura kike sharewa, mene ne a ciki? Ku ɗaga mu tafi."

Da ta yi shiru a nan, da ba wanda zai sake tayar da maganar har abada. Kowa ya riga ya yarda da shekaru, har mai shekarun. Ga 'yan dako, ga mai gyaran agogo a bakin ƙofa, ga mai gidan burodi ya zo sallama. Ta je ta tsaya tsakanin keken da ƙofa.

"Ba ƙura kaɗai ba. Duk mako sai na sauke tulin na sake jerawa, manya a ƙasa. Ƙullin malama a ƙasa na same shi, ni na mayar da shi sama. Da na sauran duka. Tsoho bai tsallake layin kowa ba. Abin da kanta ta ce masa shi ya yi."

Shagon ya yi tsit. Da Mai Minshari na da rai, da ita kaɗai za a ji.

Maigidan ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Amarya, da zagina kika yi da ya fi mini sauƙi. Kaina yana ce mini na malama ne farko, kanta tana cewa a'a. Na ce kanta ba ta tsufa, ni ne nake tsufa. Sai na bi kanta." Ya mayar da gilashin. "Har na fara yarda da ku."

Auta ta durƙusa a gabansa. Kawu ya sosa ƙeya, ya dubi ubansa, ya dubi ƙasa, ya ce wa 'yan dako, "Ku ajiye. A hankali. Ina bel ɗin?" Shi da kansa ya tsuguna da manyan kayansa yana mayarwa, yana sa shi a baibai, har sai da mai keken ya ce, "Matsa, kai ma gyara za ka yi mini?"

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi da jiƙaƙƙen ido. Sai ya dafa kan jikarsa da hannu ɗaya, ya shafa jakar da ɗayan, ya ce, "Ni dai an same ni da sauran numfashi. Sa'ata fa, wa zai je ya ba ta haƙuri?"

Wannan tambaya ce ta sa aka rubuta sanarwar nan. Iyali suna shaida wa duniya cewa marigayiya ba ta ruɗe ba, ba ta yi mantuwa ba, ƙwaƙwalwarta garau take har zuwa ɗis ɗin ƙarshe. An ce ta juya, ta juya. An ce ta nuna, ta nuna. An mare ta a kan biyayya.

Ta rasu ta bar caja ɗaya, wanda har yanzu yake lanƙwashe yadda ta saba kwanciya da shi. Da linzaminta, wanda 'yan boko ke ce wa maus, mai ciwon danna dama. Da gwangwanin maɓallai, wanda ya rasa abin tokarewa. Da aminiyarta keken ɗinki, wadda take taka-taka-taka ba mai amsa mata. Da kuma Auta, wadda ta ce a rubuta ta a cikin waɗanda aka bari, a kuma rubuta ta a matsayin sanadi. An ce mata ɗaya ya isa, ta ce a'a, a rubuta duka biyun.

Za a yi mata rakiya ranar Asabar da hantsi, daga shago zuwa wurin masu karɓar matattun na'urori, inda za a rarraba abin da ke da amfani a jikinta ga masu bukata. Auta ce za ta ɗauke ta, ta ce ba mai taya ta. Jakar ba za ta bi ta ba. Baba Tela ya ɗinka mata maɓallai uku a jere a gaba, an rataye ta a saman kantar.

Za a karɓi gaisuwa a shagon bayan an dawo. Masu zuwa za su zauna bisa yadda suka iso, wanda ya riga zuwa shi zai riga gaisawa. Ana roƙon kada kowa ya ce ai dama ta tsufa. Ana kuma roƙon duk wanda ya ga wani abu a karkace a shagon, ya faɗa da baki, ya bar hannunsa a aljihu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a tabbata kayan naka ne.

Shafin likitan haƙori yana aiki, masu haruffan wutsiya ana cire musu haƙori a kan layinsu. Dogo yana nan, har yanzu in abu ya lalace ƙwaƙwalwa yake fara zargi. Auta ta je gidan malama ta faɗi gaskiya, malama ta yafe, ta aiko wa Baba gaisuwa, amma ta riga ta saba da wani tela, ba ta dawo ba. Kawu yana leƙowa shago duk yamma, bai sake ambaton shekaru ba. Baba Tela yana ɗinki, yana zaro aiki daga ƙasa, wani lokaci yakan tsayar da keken ya kasa kunne, sannan ya ci gaba. Auta tana share ƙura har yanzu, ta zagaye kantar ba ta taɓa ta. Mai Minshari kuwa ta tafi, kuma ba ta taɓa jerin kowa ba.